OBA-OBA A GONA: A NEMI LASIN KAFIN A SHIGA KASUWA

Duk wanda ya taɓa riƙe babbar gona ya san irin asarar da rashin jin juna yake jawowa. Injin ban ruwa ya tsaya a bakin fadama da hantsi, yaron da ke kula da shi ba shi da yadda zai yi sai ya tako da ƙafa ya nemo helma, shi kuwa helma yana can wani gefen tare da mai tarakta. Kafin a haɗu, a nemo makaniki, rana ta raba, tumatir ya sha ƙishi. Ko kuwa da kaka wuta ta taso daga dajin da ke maƙwabtaka, maigadi ya hango hayaƙi tun yana nesa, ya zaro wayar salula daga aljihu, ya tarar babu sabis. Abin da kira ɗaya zai iya tsarewa sai ya cinye dawar shekara guda.

Wannan shi ya sa manyan manoma da masu garken shanu da dama suka koma ga wayar nan ta iska wadda mutanenmu suka laƙaba wa suna oba-oba, saboda kalmar da suka ji sojoji da 'yan sanda suna faɗi a ƙarshen kowace magana. Amfaninta a fili yake. Ba ta bukatar kati, ba ta bukatar turken kamfanin waya, domin kai tsaye take magana da 'yar'uwarta. Sa'an nan kuma da danna maɓalli ɗaya kowa da ke kan layin zai ji, ba sai an bi mutane ɗaya bayan ɗaya ana buga musu ba. Waɗanda suka ga abin da ya faru a watan Satumba na 2021, sa'ad da aka rufe layukan waya a Jihar Zamfara, daga baya kuma a wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda matsalar tsaro, ba sa bukatar a yi musu dogon bayani. Irin haka ta taɓa faruwa a Borno da Yobe da Adamawa a watan Mayu na 2013.

To, amma dalilin da ya sa manomi yake son wannan waya shi ne dalilin da ya sa ɓata-gari suke sonta, kuma shi ne ya sa jami'an tsaro ba sa kallonta kamar fartanya. Mutumin da aka tsayar a shingen bincike a kan hanyar daji, aka sami oba-oba huɗu a bayan motarsa, ba shi da wata takarda sai rasiɗin kanti, ya shiga bayanin da ba zai ƙare a ranar ba. Saboda haka batun lasin shi ne na farko. Zaɓen na'ura yana biye da shi ne, domin takardar lasin ita ce za ta faɗa wa mutum irin na'urar da zai saya.

ISKA TANA DA MAI ITA

Mutane da yawa suna mamaki in aka ce sai da izinin gwamnati ake magana ta iska. Suna cewa, na sayi abina da kuɗina, ina magana da yarana a cikin gonata, wa na tare wa hanya? Amsar ita ce maganar ba ta tsayawa a kan iyakar gona. Kowace na'urar rediyo tana aika saƙonta a kan wani zango, wanda ake auna shi da megahaz, kuma zangunan nan ƙididdigaggu ne, kamar filin noma a bakin kogi. In mutum biyu suka hau zango ɗaya a wuri ɗaya, mai ƙarfi zai danne marar ƙarfi, ko kuwa su ɓata wa juna magana baki ɗaya. A cikin zangunan akwai na jiragen sama, da na jiragen ruwa, da na soja, da na 'yan sanda, da na masu kashe gobara.

Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya da ke birnin Janeba, wadda aka kafa tun 1865 a zamanin wayar tangaraho, ita ce ke raba zangunan tsakanin ayyuka dabam-dabam. Ta kasa duniya kashi uku. Afirka da Turai suna kashi na ɗaya, nahiyar Amurka tana na biyu, yawancin Asiya da Ostareliya suna na uku. A cikin wannan babban rabo kowace ƙasa tana da ikon tsara nata, ta ce wannan zango na wane ne, wancan kuma na wane.

A Nijeriya tushen abin shi ne Dokar Wayar Iska ta 1961, wadda ta hana kowa kafa tashar wayar iska ko aiki da na'urarta sai da lasin. A da Ma'aikatar Gidan Waya da Tangaraho ce ke riƙe da wannan aiki duka. Daga baya aka kafa Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, watau NCC, a 1992, aka kuma sake mata doka a 2003. Dokar 2003 ɗin ce ta kafa majalisar ƙasa mai kula da rabon zangunan iska, wadda Ministan Sadarwa ke shugabanta. Yadda aikin ya kasu shi ne, kamfanonin da ke sayar wa jama'a hidimar waya suna karɓar zango daga NCC, gidajen rediyo da talabijin daga Hukumar NBC, su kuwa masu son zango don aikin kansu, ba don su yi cinikin sadarwa ba, sashen kula da zangunan iska na Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya a Abuja suke nufa. Manomi yana cikin wannan rukuni na ƙarshe. Har wa yau, NCC ce ke tantance samfurin na'urorin sadarwa kafin a sayar da su a ƙasar, don haka mai saye yana da hakkin ya tambayi dillali ko samfurin da yake tallatawa ya sami wannan amincewa.

A kowace ƙasa takardar lasin irin wannan takan ƙayyade zangon da aka ba mutum, da iyakar ƙarfin na'urarsa, da yankin da zai yi aiki, wani lokaci har da tsawon eriya da yawan na'urori, kuma tana da wa'adin da ake sabunta ta. Wanda zai nema, to, ya tafi da taswirar gonarsa a kai, ya san nisan da ke tsakanin gida da gona, da mutum nawa ne za su riƙe waya, da ko zai kafa eriya a bisa. Manomin da ke kusa da iyaka, kamar Illela ko Jibiya, ya tuna kuma cewa lasin Nijeriya a kan iyaka yake ƙarewa. Jamhuriyar Nijar tana da tata hukumar.

"BA TA BUKATAR LASIN," IN JI KWALI

Yanzu bari mu shiga kasuwa. Mai kanti zai sauko da kwali mai sheƙi, ya ce, "Alhaji, wannan ita ce daidai da kai. Kilomita goma sha biyar take ci, ga shi nan a rubuce. Kuma ba ruwanka da lasin, duba nan, su da kansu suka rubuta." Mai kantin ba lalle ne yana ƙarya da gangan ba, abin da ya gani a kwali yake karantawa. Abin da bai faɗa ba shi ne, wace ƙasa ce ta yafe lasin ɗin? Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, haka ma kowace oba-oba dokar ƙasar da aka ƙera ta dominta take rerawa.

Mu ɗauki Amurka, inda hukumar FCC ke kula da wannan fanni. A 1996 ta ware wasu layuka a kan megahaz 462 da 467 don iyali, ta kira su FRS. Yau layi 22 ne, ba a bukatar lasin, amma da sharaɗi: ƙarfin na'ura ba ya wuce wat 2, a kan wasu layukan ma rabin wat, kuma eriyarta a manne take, ba a cirewa a sa wata. Akwai kuma MURS, wanda aka buɗe a shekara ta 2000, layi biyar a tsakanin megahaz 151 da 154, shi ma wat 2, shi ma ba lasin, amma an yarda a ɗaura masa eriyar waje. Manomin da waɗannan ba su ishe shi ba yakan nemi lasin GMRS. Ba a yin jarrabawa, tun 2022 kuɗinsa dala 35 ne na shekara goma, kuma a kan wasu layuka ana iya kai wa wat 50, a kuma kafa na'urar miƙa saƙo.

Akwai wani abu a dokar GMRS da ya kamata mu tsaya a kansa. Lasin ɗin na mutum ɗaya ne, amma yana rufe iyalinsa: mata, 'ya'ya, jikoki, iyaye, kakanni, 'yan'uwa, kawunnai da gwaggonni, har da surukai. Da a ƙasar Hausa ne, da lasin maigida shi kaɗai ya ishi gandu guda sukutum. Amma ɗan ƙodago, ko direban tarakta da aka ɗauka aiki, ba ya ciki. Ko dai ya nemi nasa, ko kuwa gonar ta nemi lasin 'yan kasuwa, wanda ya fi tsada, ya fi kuma yawan takardu. Watau ko a ƙasar da ta saki hannu haka, an bambanta gonar iyali da gonar da ta zama kamfani.

A Ingila kuwa da sauran ƙasashen Turai, layukan da aka yafe wa lasin suna kan megahaz 446, ana kiransu PMR446. Rabin wat ne kacal, eriya a manne. Manomin Ingila da ke son wat 5 sai ya biya hukumar Ofcom kuɗin wani sauƙaƙƙen lasin na shekara biyar, ya yi tarayya da sauran masu irinsa a kan wasu 'yan layuka. To, ga abin lura. Megahaz 446 da Bature ke magana a kai kyauta, a Amurka zangon masu rediyon sha'awa ne, sai wanda ya ci jarrabawa yake hawa. Layukan 462 da Ba'amurke ke ba 'ya'yansa su yi wasa, a Ingila na wasu ne, hawa kansu laifi ne. Ƙasashe biyu ke nan masu harshe ɗaya, amma na'urar da ta halatta a ɗaya ta haramta a ɗayar.

Ɗaya daga cikin ƙasashen da suka fi sakar wa manomi mara a wannan fanni ita ce Ostareliya, kuma tarihi ne ya kawo haka. A can akwai wuraren kiwon shanu da faɗinsu ya kai dubban murabba'in kilomita, maƙwabci da maƙwabci tafiyar yini ce. Tun a 1929 wani injiniya, Alfred Traeger, ya ƙera rediyon da ake ba wuta ta hanyar taka feda kamar keke, domin mazauna daji su iya kiran likitan da ke zuwa a jirgin sama. Yau manomin can yana da layi 80 a kan megahaz 477, wat 5, ba ya biyan ko sisi. Amma ko a nan akwai doka: layi na 5 da na 35 na neman agaji ne kawai, wanda ya hau su yana hira ya yi laifi.

Duk waɗannan na'urori, na Amurka da na Turai da na Ostareliya, suna iya biyo jirgi su sauka a kantunanmu, kowace da rubutun "ba lasin" a goshinta. Rubutun nan ba ya ɗaure hukumar Nijeriya. Yafewar da za ta amfani manomi a nan ita ce wadda hukumar nan ta bayar, don haka ko ƙaramar rabin wat zai saya, ya rubuta ya tambaya, ya kuma ajiye amsar.

Akwai wata iri da ta fi waɗannan bukatar hattara, ita ce kuma ta fi araha. Na'urori irin su Baofeng UV-5R ba a ɗaure suke a kan wani layi ba. Suna da maɓallan lambobi, mutum na iya buga kowane zango daga megahaz 136 zuwa 174, da kuma daga 400 zuwa sama, ya danna ya yi magana. A cikin wannan fili akwai megahaz 156.8, layin da jiragen ruwa na duniya ke kiran agaji a kai, akwai kuma 406, wanda aka keɓe wa na'urorin da ke sanar da tauraron ɗan'adam cewa jirgi ya yi haɗari. Ƙananan nan masu layi goma sha shida kuwa sukan zo daga masana'anta da wasu zanguna a ciki, waɗanda babu wanda ya ba mai saye su. Hukumar FCC ta fitar da gargaɗi a 2018 a kan shigo da na'urorin da ba su cika ƙa'idarta ba, da sayar da su, da aiki da su. Ba a cewa na'ura mai araha ba ta aiki. Abin da ake cewa shi ne, kada a ba yaro ita ya tafi gona sai an kai ta wurin gwani ya saka mata zangon da ke cikin lasin, ya goge sauran, ya kulle maɓallan.

Wasu kuma sukan ce bari su nemi lasin masu rediyon sha'awa, waɗanda a Nijeriya lambar kiransu ke farawa da 5N. Wannan ba mafita ba ce. A dokar duniya an ware zangon nan ne don koyo da gwaji, ba tare da neman riba ba. Tura tarakta ko kiran motar taki a kansa saɓa ƙa'ida ne.

NISAN DA KE KWALI DA NISAN DA KE GONA

In takarda ta samu, sai a zo ga zaɓe. Tambayar da kowa ke fara yi ita ce, kilomita nawa take ci? Lambar da ke kwali ana samunta ne in mutum ɗaya yana kan dutse, ɗayan yana kan wani dutsen, babu komai a tsakaninsu. A gona ba haka abin yake ba.

Saƙon irin waɗannan na'urori miƙe yake tafiya, kusan kamar gani da ido. Ita kuwa duniya a dunƙule take, saboda haka ko a fili fetal akwai inda ƙasa da kanta za ta shiga tsakani. Masana suna da wani lissafi mai sauƙi. A auna tsawon eriya daga ƙasa da mita, a nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan tsawo, sa'an nan a ninka lambar sau huɗu, abin da ya fito shi ne kimanin kilomitan da eriyar ke hangowa. Mutum a tsaye, da waya a bakinsa, bai fi mita ɗaya da rabi ba, watau wajen kilomita biyar. Eriyar da ke kan tankin ruwa mai mita 9 tana hango kilomita 12. Mai mita 16, kilomita 16. Mai mita 25, kilomita 20. Wannan shi ne iyakar abin da eriya ɗaya ke hangowa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Kadawa, in babu abin da ya tare. Da zarar an sa itatuwa, da dawa mai tsawo, da tudu da kwari, sai lambar ta yi ƙasa. A zahiri, tsakanin mutum biyu a tsaye, ƙaramar rabin wat takan yi kilomita ɗaya ko biyu, mai wat huɗu ko biyar kuwa 'yan kilomitoci kaɗan sama da haka.

A nan ne mutane suke zubar da kuɗi. Suna tsammani in aka ninka wat an ninka nisa. Ko a sarari inda babu komai, sai an ninka ƙarfi sau huɗu kafin nisa ya ninka biyu, a kusa da ƙasa kuwa abin yana iya kai wa sau goma sha shida. Wanda ya bar mai wat 4 ya sayi mai wat 8, abin da ya ƙaru masa bai fi kashi ɗaya cikin biyar ba, ga batir yana saurin mutuwa, ga kuma wataƙila ya wuce iyakar da lasinsa ya ba shi. Kuɗin da ya ƙara, da bututun ƙarfe ya saya ya ɗaga eriyar gida sama, da ya fi ganin amfaninsu. Tsawo ya fi ƙarfi, in dai lasin ya yarda da eriyar waje.

Kafin a sayi komai ma ya kamata manomi ya auna gonarsa. Hekta ɗari, in murabba'i ce, kilomita ɗaya ce kowane gefe. Hekta ɗari huɗu kilomita biyu ce. Gonakin da suka kai haka ba su da yawa. Galibi matsalar ba faɗin gona ba ne, nisan da ke tsakanin gonar da gida ne, ko tsakanin gonar tudu da ta fadama, ko tsakanin ruga da inda shanu suka tafi kiwo. Wannan nisa shi za a auna.

Sai batun VHF da UHF, haruffan da za a gani a jikin kowace na'ura. Na farkon shi ne zangon wajen megahaz 150, na biyun wajen 450. VHF ya fi jure wa ganye da ɗan tudu, don haka ya fi dacewa da fili da daji, amma yana son doguwar eriya, kusan rabin mita in ana son cikakken aikinsa. UHF eriyarsa ba ta fi taƙi ba, kuma ya fi iya kutsawa cikin gine-gine, saboda haka ya fi dacewa da gidan kaji, da ɗakunan ajiya, da injin casar shinkafa, inda bango da kwano suka yi yawa. Mai VHF ba ya jin mai UHF. Duk wayoyin gona ɗaya tilas su kasance a zango ɗaya, kuma zangon shi ne wanda ke rubuce a lasin.

Inda dutse ya shiga tsakani, kamar a tsaunin Mambila ko a gindin duwatsu irin na Kwatarkwashi, babu yawan wat da zai huda shi. Maganin shi ne na'urar miƙa saƙo, wadda ake kafawa a wuri mai tsawo. Tana karɓar magana a kan zango ɗaya, a lokaci guda tana sake watsa ta a kan wani, sai ƙananan wayoyin da ba sa jin juna su ji juna ta hanyarta. Tana bukatar zango biyu a lasin, da faifan hasken rana, da babban batir, da kuma ƙarfen kare tsawa da aka binne ƙarshensa a ƙasa sosai, domin turken ƙarfe a kan tudu da damina kiran aradu ne. Tsadarta ta fi ƙarfin manomi ɗaya, amma ba ta fi ƙarfin ƙungiyar manoma ba, kuma a ganina nan ne ya kamata ƙungiyoyinmu na gama-kai su duba. Wadda ake ɗaurawa a mota ko tarakta, mai wat 25 ko fiye, da eriya a kan rufi, ita ma tana rage matsalar nisa ƙwarai.

A yi hankali da wata sabuwar iri mai kama da oba-oba wadda ake sa wa katin waya. Mai kanti zai ce tana kai wa daga Kano har Legas, kuma gaskiya ya faɗa, domin ta hanyar turakun kamfanin waya take bi. Ranar da babu sabis kuwa ita ma ta zama dutse.

ƘURA, BATIR DA KUNNEN BANGO

Abin da ke kashe waya a gona ba nisa ba ne, ƙura ce da ruwa da faɗuwa. A nemi haruffan IP da lambobi biyu a jikinta. Lamba ta farko ta ƙura ce, 6 na nufin ƙura ba ta shiga ko kaɗan. Ta biyu ta ruwa ce, 4 na nufin tana jure wa yayyafi da fantsama, 7 kuwa tana iya zama cikin ruwa mai zurfin mita ɗaya har rabin awa. Ga wanda ya san ƙurar hunturu da ta sussuka, da kuma yadda abu ke suɓucewa daga aljihu ya faɗa cikin kwalbatin ban ruwa, IP67 ba almubazzaranci ba ne. Kamfanoni irin su Motorola da Kenwood da Icom da Hytera suna yin irin waɗannan, amma sunayensu ne kuma aka fi yi wa jabu, don haka a saya wurin dillalin da zai ba da takarda mai ɗauke da lambar kowace na'ura.

Awoyin batir da ake rubutawa suna da nasu lissafin: kashi biyar cikin ɗari na lokacin ana magana, kashi biyar ana saurare, kashi casa'in waya tana shiru. Ranar girbi, da kowa ke kira, ba za ta kai ba. A sayi batir na biyu tun ranar farko, a kuma tabbata ana samun irinsa a kasuwa. A nemi cajar da ke karɓar wutar mota ko ta faifan hasken rana. Kada a bar waya a gaban mota cikin zafin bazara, zafi yana cin ran batir. Kada kuma a ɗauke ta ta eriya, ko a danna maɓallin magana alhali an kwance eriyar, domin hakan yana iya ƙona mata ciki.

Saura magana ɗaya wadda a wannan zamani ta fi sauran nauyi. Oba-oba ta gargajiya ba ta da sirri. Duk mai na'ura a kan wannan zango, a cikin wannan nisa, yana ji. Lambobin nan da ake kira na sirri ba sa ɓoye komai. Wani siririn sauti ne da na'urar ke haɗawa da magana domin wayarka ta yi shiru in baƙo ne ke magana. Kai ne ka daina jin mutane, su suna jinka sarai. Saboda haka ranar biyan ma'aikata, da yawan shanun da ke ruga, da lokacin da maigida zai taso daga gari da hanyar da zai bi, ba maganganun oba-oba ba ne. Sababbin na'urori masu aiki da lambobi, irin tsarin DMR da aka fitar a Turai a 2005, suna iya kulle magana, suna kuma ba da hanyar magana biyu a kan layi ɗaya, batir ɗinsu ma ya fi daɗewa. Sun fi tsada, kuma a ƙarshen nisa ba sa yin shuu a hankali kamar na da, yankewa suke yi farat ɗaya. Wanda ke son kulle magana ya faɗa tun a takardar neman lasin.

Kafin a biya kuɗin guda goma, a karɓi biyu a kai su gona. Mutum ɗaya ya tsaya a gida, ɗayan ya hau babur ya zaga kowace kusurwa, ya sauka cikin kwari, ya shiga bayan tudu, ya shiga ɗakin ajiya ya rufe ƙofa, ana rubuta inda aka ji da inda ba a ji ba. In da hali a yi gwajin nan da damina, sa'ad da ganye ya cika kuma dawa ta wuce kai, domin wurin da aka ji tangaram a watan Maris yana iya yin shiru a watan Agusta. Bayan an saya, a ba kowace waya lamba, a rubuta sunan mai riƙe da ita a littafi, a riƙa ƙirga su kowace yamma. A yi kofen lasin a ajiye a mota da ɗakin maigadi, a kuma kai ɗaya ofishin 'yan sanda na yankin, ɗaya wurin dagaci. In wata ta ɓace ko aka ƙwace ta, a kai rahoto a ranar, da lambarta.